Jan Gishiri a Tudun Awaki

Ranar Laraba da hantsi Lokelani ta faɗo shagona ko gaisuwa babu, gashinta duk ƙaiƙayin ciyawa, ta ce an sace akwatin.

Ban tambaye ta wane akwati ba, don kaf garinmu Waihonu ko kajin gari sun san shi. Sojoji ne suka ce za su ƙara gina ɗakunan madubin hangen nesa a ƙolin dutsen Haleakala, su riƙa sa ido kan taurarin ɗan'adam da tarkacen da ke yawo a sama. Mu kuwa ƙolin nan can kakanninmu suka yi ibada, can ake kai cibiyar jarirai. Mun yi zanga-zanga, mun yi waƙa, mun yi kuka a taro har muryoyinmu suka dishe. Sai Lokelani, 'yar garinmu da ta karanci taurari kuma take yi wa sojojin aiki, ta miƙe ta ce akwai wani wurin. Tudun Awaki ne, tsohuwar makiyaya, ba kabari ba wurin bauta, sai kashin awaki. Suka ce to ta kawo shaidar cewa samansa na da tsabta kamar na ƙoli.

Shi ne ta kafa 'yar na'ura a kan sandar ƙarfe tana auna sama, awon yana taruwa cikin wani akwati da bai fi tukunyar shinkafa ba. Sojoji suka ɗaure shi da waya suka danne da dalma, don kada a ce an taɓa abin da ke ciki. Tudun ba ya kama sabis, saboda haka awon nan babu shi ko'ina sai cikin akwatin. Shekara ta cika ranar Talata. Juma'a ƙarfe goma kwamiti zai zauna. In akwati ya zo da dalmarsa, za a duba Tudun Awaki. In bai zo ba, katafila za ta hau ƙoli.

Kafin azahar shagona ya cika, kuma ba wanda ya sayi ko ashana. Rabin gari na cewa Anton Medeiros ne, mai garken shanun da ke iyaka da tudun, wanda ya rantse ba za a ja titi ta gefen shingensa ba. Ɗaya rabin na cewa Hanale ne, ƙaton direban katafila, wanda aka ji ranar Lahadi a bikin cikar shekara ɗaya na jaririn 'yar'uwarsa yana cewa ginin ƙoli aikin shekara biyu ne ga mai iyali.

Ana cikin haka Kaka Iwalani ta shigo da sandarta, doguwar rigarta na share mini ƙasa. Kakar Lokelani ce, shekararta tamanin da uku, kuma ita ce a gaban kowace zanga-zanga. Ta rantse ba ta yarda da madubi ko'ina ba, ko a ƙoli ko a kwari, ta kuma rantse ba za ta ƙara magana da mai aikin sojoji ba. Shekara guda da rabi ke nan ta riƙe rantsuwar, amma ta samo mata hanya, hanyar kuwa ni ce.

"Momi," ta ce da ni, "gaya wa ma'aikaciyar sojoji ta share hancinta ta ci abinci. Dubi wuyanta, kamar na zakaran da aka fige."

"Anti Momi, ki ce wa Kaka na ji," in ji Lokelani, tana tsaye taku biyu daga gare ta.

Na isar da saƙo duka biyu, kamar kullum. Sannan na kulle shago na je na taso mijina.

*

Mijina Palakiko ya yi shekara arba'in yana bin sawun shanun da suka ɓata, da barewa, da masu yawon buɗe ido da ke barin hanya don ɗaukar hoto. Zai dubi ƙasa ya gaya maka barewa ta wuce jiya da yamma tana ɗingishi, amma kullum sai na nuna masa tabaransa a kan goshinsa. Ni nake tuƙa akori-kurar tamu, don shi in ya riƙe sitiyari gefen hanya yake kallo.

Muka iske awakin daji sun fi ashirin sun yi wa sandar ƙarfen zobe, suna lasar ƙasa kamar an biya su. Na ɗauki dutse.

"Bari, Momi," ya ce. "Shekara guda sandar nan na nan. Loke, kin taɓa ganin sun lashi gindinta?"

"Ban taɓa ba, Kawu."

Ya durƙusa, ya dangwali ƙasa ya kai baki. Na ce masa in yunwa yake ji akwai abinci a mota. Bai kula ni ba. Ya dubi noti huɗun da suka riƙe akwatin, an kwance su an jera a kan dutse, wayar wuta kuma an naɗe ta tsaf an rataye. Daga nan ya yi gaba a sunkuye har inda awaki ba su tattake ba, ya kira mu da hannu.

Sawu iri biyu ne a jar ƙasa mai laima. Na farko kofaton alfadari, kuma alfadari ɗaya ne a ƙasar nan, na Medeiros. Na biyu silifa ne, faɗinsa kamar faranti, a dunduniyar hagu akwai ƙuna mai kamar jinjirin wata. Duk wanda ya halarci gashin alade na bara ya san ranar da Hanale ya taka dutsen murhu ya yi tsalle yana kiran uwarsa.

Lokelani ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Tare suka yi firamare da Hanale. Palakiko ya karya kara yana auna tsakanin taku da taku, ya ce kada kowa ya ji zancen silifan nan tukuna. Mutum ɗaya tak na gaya wa, na kuma ce mata sirri ne. Kafin rana ta faɗi har limamin cocinmu ya sani.

*

Medeiros muka fara zuwa. Mun same shi yana wanke alfadararsa, wadda ya raɗa wa suna Gimbiya don ba ta jin maganar kowa.

"Na san abin da ya kawo ku," ya ce. "E, ba na son titin. E, sawun Gimbiya ne. Da safe na same ta a cikin shinge jiƙe da gumi, an goge mata baya, an cika mata bokiti da ruwa. Ni da nake ciyar da ita ban taɓa samun ladabin da ɓarawon nan ya samu ba."

"Ba ka ga komai ba?" in ji Palakiko.

"Sai burodin ayaba da aka rataye a ƙofar shinge."

"Ina yake?"

Medeiros ya shafa ciki.

"Anton! Shaida ka cinye?" na ce.

"Shaidar da ɗuminta, Momi. Me kike so in yi, in kai ta ofishin 'yan sanda ta huce?"

Na tambaye shi hannun wacece, don kowace mace da irin nata. Ya ce tunda matan coci suka buga littafin girki, duk burodin ayaban garin nan ya zama ɗaya, kuma duka sun fi nawa. Na bar masa wannan don muna sauri, amma ban manta ba.

A mota Palakiko ya ce, "Hanale ya fi kilo ɗari da talatin. Kina ganin Gimbiya za ta hau tudu da shi ta dawo da rai?"

"Sai dai shi ya goya ta."

"To."

Daga "to" ɗin nan bai ƙara ba har gida. Shekara talatin da huɗu ina zaune da "to" ɗin mutumin nan.

*

Alhamis da safe muka je gidan Hanale. Tausayi ya kama ni. Ƙato guda yana zaune a dakali kamar yaron da aka kora daga aji, an sace iskar tayoyin motarsa, maƙwabcinsa ya dawo masa da tsanin da ya ara shekara uku ba tare da ya ce uffan ba.

"Kawu, na faɗi maganar aiki, ban musa ba," ya ce. "Baki ne da ciki a cike. Amma cibiyar 'ya'yana uku tana ƙolin nan. Ni zan hau da katafila in tone su?"

"Ina silifanka?"

"Tun Lahadi ban gan su ba. Na fito daga biki na duba tulin takalma, babu. Ƙafa tsirara na taka har gida. Na faɗa wa mutane, suka ce ƙaryar ma ban iya ba."

Ba wanda ke shiga gida ko zaure da takalmi a ƙasarmu, don haka duk biki sai an tara silifa a ƙofa kamar kasuwa, kuma duk biki sai wani ya tafi da na wani. Ni kaina na taɓa yin mako da ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya baƙa. Amma wa zai yi kuskure da na Hanale? Wannan ai kwale-kwale ne.

Palakiko ya sa matar Hanale ta kwara ruwa a tsakar gida, ya ce ya taka ya wuce. Ya fito da karansa ya auna. Takun Hanale ɗaya ya ci tsawon karan har sau biyu da ɗoriya.

"Momi," ya ce, "wa ya share zauren coci bayan biki?"

"Wa kuwa? Ni da ba a taɓa gode mini."

"Me ya rage a ƙofa?"

Na je bayan akori-kura, na ɗaga farantan da ban mayar wa masu su ba, na ciro leda. 'Yan silifa ne ruwan makuba, ƙanana kamar na 'yar firamare. Kwana biyu muna yawon bincike da su a bayanmu.

"Na waye?" na ce.

"Ki sanar da gari, taro a zauren coci da la'asar. Wannan karon na yarda ki gaya wa mutum ɗaya."

*

Zaure ya cika har taga. Medeiros ya zauna a gaba ya harɗe hannu. Hanale ya zo da takalmin aiki, ya cire a ƙofa, ya zauna can baya shi kaɗai a benci. Lokelani na gefena idanu jawur, ta ce in ba a samu akwatin yau ba dole ta kira 'yan sanda, daga nan kuma magana ta fita hannun gari. Kaka Iwalani na kan kujerarta mai hannu wadda ba mai zama a kai ko ba ta nan.

Palakiko ya shigo a ƙarshe, ya ɗan daɗe a bakin ƙofa. Ya tsaya gaban jama'a yana murza hularsa.

"Ni ban iya jawabi ba," ya ce. "Abin da ƙasa ta gaya mini zan faɗa. Awaki sun lashi gindin sanda saboda an barbaɗa gishiri. Jan gishiri ne, irin na tsibirin Kauai, wanda ba a sayarwa, sai dai dangi su ba ka. Ku gaya mini, wa ke barbaɗa jan gishiri kafin ya ɗauki abu?"

"Mai neman izini," in ji wata tsohuwa.

"Mai sa albarka," in ji wani.

"To ɓarawonmu ya nemi izini, ya jera noti, ya naɗe waya, ya ari alfadari ya biya da burodi. Sannan silifan. Na Hanale ne, ba musu. Amma dunduniya ba ta nutse ba, duk nauyin yana gaba wajen yatsu, ƙafa ce ƙarama a cikin babban gida. Takun bai kai rabin nasa ba. Gefen dama kuma, kowane taku biyu akwai ɗan rami zagaye."

Na ga kawuna sun fara juyawa, suna kuma komawa da sauri don tsoro.

"Ban kira sunan kowa ba," in ji Palakiko. "Taro ya tashi. Kowa ya je ya sa takalminsa."

Aka fita ana gunaguni. Kowa ya zura nasa ya tsaya a tsakar fili. Tuli ya yi ta raguwa har ya ƙare, ya rage 'yan ruwan makubar nan su kaɗai a kan matakala. Mutum ɗaya kuma ya rage a bakin ƙofa, tana dogare da sanda tana leƙe-leƙe.

"Wane marar kunya ne ya ɗauke mini takalmi?" in ji Kaka Iwalani.

Palakiko ya fito da hannu daga baya, ya ɗaga kwale-kwalen nan biyu, ya juya na hagu kowa ya ga jinjirin wata.

"Waɗannan kika zo da su, Kaka."

Ta dube su, ta dubi na kan matakala, ta dubi Hanale.

"Au! Naka ne? Shi ya sa! Na yi rawa ranar Lahadi ƙafata ta kumbura, na zura na ji daɗi, na ce kai, yau silifan nan sun yi hankali. Wa ke duba ƙarƙashin takalmi? Ni da na ji ana cewa an ga sawunka a tudu har na ce, me ya kai wannan ƙaton can?"

Medeiros ne ya fara fashewa, sai fili ya ɗauka. Har limami ya riƙe ciki. Lokelani kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Anti Momi," ta ce, "ki tambayi Kaka ko ta tsane ni ne har haka. Shekara guda ina hawa tudun nan. Ki tambaye ta ina ta jefar da shi."

Kaka ta miƙe tsaye sosai, abin da na daɗe ban gani ba.

"Momi, gaya wa ma'aikaciyar sojoji ta biyo ni."

*

Gari guda ya bi ta. A barandar gidanta ta baya, wadda ke fuskantar ƙoli, ga akwati a kan teburin cin abinci, an naɗe shi da ganyen la'i sabon yanka, ganyen da muke naɗe abu mai tsarki da shi, an zagaye shi da jan gishiri. Lokelani ta ɗaga ganye da yatsu biyu. Waya na nan, dalma na nan, ko ƙwarzane babu. A bango kuwa kalandar coci ce, an soke kowace rana da jan biro tun daga ranar da aka kafa na'ura har Talatar nan.

"Momi, gaya mata," in ji Kaka. "Abin nan zai shiga gaban manya ya yi magana a madadin dutse, alhali dutsen bai taɓa ganinsa ba. Ana aika baƙo ya wakilci gida? Sai ya kwana uku yana fuskantar ƙoli, rana ta fito a kansa sau uku. Biyu sun wuce, gobe ta uku. Na jira har shekararta ta cika don kada in ɓata mata awo. Da gobe da sassafe zan mayar, wa ya ce ta je tudu Laraba?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Kaka?" na ce. Wannan tambayar tawa ce, ba aike ba.

"In ce me? In ce Iwalani na yi wa na'urar sojoji addu'a? Bayan duk abin da bakina ya faɗa?" Ta juya wajen Hanale. "Kai kuma ɗana, na ce kwana biyu na zargi ba zai rage ka da komai ba. Na yi kuskure, na zalunce ka. Ka yafe wa tsohuwa."

Hanale ya share ido da bayan hannu ya ce ya yafe, silifan ma ya bar mata. Maƙwabcinsa ya matso a hankali ya tambaya ko zai iya sake aron tsanin.

Washegari kafin rana ta ɓullo, tsakar gidan Kaka ba wurin sa ƙafa. Sanyi na cizo, mata na raba kofi. Ta tsaya gaban akwati ta ɗaga murya da waƙar gaida rana, muka amsa, har haske ya taɓa ƙoli ya gangaro ya sauka a kan ganyen la'i. Na ji tsigar jikina ta tashi, na yi kuka ban ɓoye ba.

"Momi," in ji Kaka a hankali, "gaya mata ni na hau da cibiyarta can, a kan alfadarin uban Anton."

"Ki ce wa Kaka na sani," in ji Lokelani. "Don ita na shekara cikin awaki."

Wannan karon ban isar da saƙon ba, don na ga ya isa da kansa.

*

Mota goma sha tara muka yi zuwa birni, Hanale a gaba da tayoyin da gari ya taru ya hura masa. Hafsar sojojin da ke shugabantar zaman ta duba dalma ta ce lafiya lau take, sannan ta tambayi mene ne wannan jan abin da ke zuba mata a kan takardu. Palakiko ya ce ƙa'idar ajiya ce ta wajenmu. Ta gyaɗa kai ta rubuta.

Awa uku Lokelani na bayani da zane-zane. Ban fahimci ko rabi ba, amma na fahimci fuskokin mutanen da ke teburin. Da la'asar suka ce saman Tudun Awaki ya wadatar da aikinsu, an dakatar da maganar ƙoli, za a koma can tudun da awon fili. Medeiros ya miƙe ya ce titin ya bi ta gabas ko su haɗu a kotu, aka ce an ji.

A waje ana ta rungume-rungume, wani ya ciro jita daga mota. Kaka Iwalani ta ratso jama'a, silifan Hanale na fat-fat a ƙarƙashin rigarta, ta tsaya gaban jikarta. Ta kama hannuna kamar yadda ta saba.

"Momi, gaya wa ma'aikaciyar..."

Sai ta fasa. Ta saki hannuna, ta miƙa mini sandar in riƙe mata.

"Matsa, Momi. Lokelani, zo nan, 'yar nan. Kin ci abinci?"